Amsa ga ɗana da ya tambaye ni a taron matasa

Ɗana,

Ranar Lahadi bayan sujada ka miƙe a gaban matasa ka ce, "Mama, kullum kina cewa mu keɓe mu yi addu'a shiru. Mai jin yunwa me zai ci a shirunmu?" Aka yi dariya, lokaci ya ƙure ban amsa ba. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan amsa.

Kana da gaskiya ta wani gefen. Akwai masu kulle ƙofa da sunan addu'a don kada maƙwabci ya ƙwanƙwasa. Wannan rowa ce kawai ta yafa mayafi.

Amma buɗe Matiyu sura 6. Yesu ya jero sadaka, addu'a da azumi, ya ce duka ukun a yi su a ɓoye. Wanda ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ya bayar, shi ne ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. A Markus sura 6 kuma, hutu ya ja almajiransa su yi a wurin da ba kowa, a can ne ya ciyar da maza 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu.

Ni dankalin Turawa nake sayarwa a kasuwar Farin Gada, ka sani. Ranar godiya nakan taka rawa zuwa gaba da ambulan ɗin baikona a sama, yadda duk zumuntar mata za su gani. Ban ce rawa laifi ba ce, har gobe ina yi. Sai dai rabin wannan kyautar kaina nake ba.

Da asuba, cikin sanyin Jos na Disamba, nakan zauna a madafa lulluɓe da bargo kafin in hura gawayi. Da farko ba Allah ke zuwa raina ba: bashi ne, kuɗin haya, farashin buhu. In na daure na ƙi tashi, sai su kwanta kamar laka a ƙasan tulu, fuskokin mutane su fara fitowa. Wata safiya haka na tuna mako biyu ke nan ban ga kayan makarantar yarinyar maƙwabciyata a igiyar shanya ba. Gwauruwa ce, ba ma majami'armu ɗaya ba. Kullum ta nan nake wucewa, idona ya gani, hankalina yana kasuwa. An koro yarinyar ne saboda kuɗin makaranta, uwar kuma kunya ta hana ta magana. Na kai musu kwanon dankali da 'yan kuɗi a ƙarƙashi. Da ba don tambayarka ba, da wannan labarin bai fita ba.

Antoni na Masar, wani Kirista na zamanin da wanda ya keɓe kansa don addu'a, ya kuma rasu a shekara ta 356, sai da ya rabar da gonakinsa ya ba matalauta kuɗin kayansa kafin ya shiga hamada, a can ma mutane suka bi shi da damuwarsu.

Ba na ce ka tafi hamada ba, ko dutsen Shere. Kashe wayarka minti 20 kowace asuba, har mako guda. Lahadi ka zo ka gaya mini wa ya faɗo maka a rai. Ka taho da buhu, akwai saƙon da za ka kai mini Bukuru.

Mamanka a cikin Ubangiji