Sunan mai tsara baitoci

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran makarantarka a can Kumasi. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da ɗalibinka ya ɗaure ka da ita: wai mai rubuta waƙa mawaƙi ne, ko sai wanda ake yi wa kiɗa?

To, mawaƙi dai ginin gida ne. Yadda aka ɗauko noma aka sami manomi, ƙira ta haifi maƙeri, haka waƙa ta ba da mawaƙi. Kalmar ba ruwanta da alƙalami ko kalangu, mai yin waƙa kawai take nufi. Abin da ya kawo rarrabewa shi ne kunya. Malaman da suka tsara waƙoƙin wa'azi da ajami, tun zamanin jihadin 1804, ba sa son a haɗa su layi ɗaya da makaɗa da maroƙa, masu neman riga da doki a ƙofar fada. Shi ya sa har yau idan ka kira wani malamin mawaƙi sai ka ga ya haɗe rai, amma ce masa sha'iri ka ga fara'a.

Sha'iri kuwa aro ne daga Larabci, kuma asalinsa ya fi burge ni. Saiwar kalmar tana nufin ji a rai da fahimta, wato mutumin da ke hango abin da ya ɓuya ga sauran jama'a. Larabawan jahiliyya har cewa suke kowane sha'iri yana da aljaninsa mai yi masa raɗa. Jam'inta shu'ara'u, sunan sura ta 26 ke nan a Alƙur'ani, ka ga yaranka sun san kalmar tun a allo. Turawan Ingila kuma tasu kalmar, wato "poet", daga Girkanci suka samo ta, ma'anarta mai ƙera abu.

Wadda ba ta kwanta mini ba ita ce "marubucin waƙa" ta littattafan makaranta. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, a ka ya tsara waƙar Imfiraji, wasu suka rubuta. Ga ɗango, wato layukan baiti, ga amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshensu, ga kari, wato ma'aunin waƙar, bai karye ba. Yaya za ka kira shi marubuci? Kuma rubutacciyar waƙar Hausa ai don a rera ta ake yinta, ba don a karanta a zuci ba.

Don haka ka gaya wa yaron duk mawaƙa ne. In ana son bambancewa, a ce wannan na baka, wancan sha'iri.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da su Baba. In ka sami mai zuwa Kano, kada ka manta da goron da ka yi mini alkawari.

Wassalam,
Naka har kullum.