Wasiƙar godiya ga wani shagon kafinta a Panteka, Kaduna

Zuwa ga Maigida da dukan yaran shagonsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan takarda ne a madadina da abokan sana'ata biyu, waɗanda muka taso tare daga Zariya zuwa shagonku da ke Tsohuwar Panteka domin mu ga zarton lantarkin nan mai yankan kusurwa da idonmu. Ban kama suna ba saboda ban nemi izininku ba, amma na ga ya dace godiyar ta fito fili, domin abin da kuka yi mana ya wuce a ce an gode a bakin ƙofa a kama hanya.

Sai na faɗi abin da ya kai mu kafin a gane girman alherin. Na daɗe ina haɗa firam ɗin madubi da ƙofofin kabad na kayan ɗakin amare da zarton hannu, kuma kowane kafinta ya san wahalar yankan digiri 45: firam ɗaya yanka takwas ne, idan hannu ya ɗan karkace a kowanne sai kuskuren ya taru a kusurwar ƙarshe, baki ya buɗe, ka koma kana cike shi da gam da dusar katako kana fatan kada fenti ya tona maka asiri. Bara na tara kuɗi na sayi irin wannan injin, ɗan gwanjo, a wani shago. Mai shagon ya ƙi a gwada, wai babu wuta, ya rantse mini lafiyarsa ƙalau. Ina jona shi a shagona ya yi wata irin ƙara, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. A wurin mai gyara na ji cewa injin ɗan Amurka ne, an yi shi don wuta mai ƙarfin bolt 120, alhali tamu ta nan 230 ce, kuma rubutun yana nan ƙuru-ƙuru a jikinsa. Da na mayar, sai aka ce kaya idan ya fita ba ya dawowa.

Da wannan tabon na shigo shagonku, ina tsammanin a nuna mana injin daga nesa a sallame mu. Sai ga shi, Maigida, ka ajiye aikin da ke gabanka, ka sa an tayar da janareta da manka, ka haɗa mu da babban yaronka.

Wannan matashi shi ne dalilin rabin wasiƙar nan. Kafin ya taɓa komai sai da ya nuna mana ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin injin, kamar ya san ciwona. Ya zare waya daga soket, ya ɗora ma'aunin kusurwa tsakanin faifan zarton da ƙarfen da ake jingina katako, ya ce idan nan bai daidaita ba duk lambobin da ke ƙasa ƙarya za su yi. Ya juya teburin injin muna jin yana faɗawa gurbinsa a kan digiri 15, da 22.5, da 45, ya bayyana cewa da 22.5 ake fitar da firam mai gefe takwas. Ya kuma nuna mana bambancin faifai mai haƙora 60, wanda ke barin yanka sumul, da mai haƙora kaɗan wanda ke yagar bakin katako.

Da aka zo gwaji, ya dube ni cikin ladabi ya ce, “Baba, a naɗe hannun riga tukuna.” Na bar faifan ya kai ƙarshen gudunsa kamar yadda ya ce, na sauke shi a kan maɗaci, ya ratsa kamar ana yanka sabulu. Ina shirin ɗaga shi yana juyawa sai ya dafa kafaɗata, ya ce in jira ya tsaya cik, domin haƙori yakan ɗebi ɗan guntun da ya faɗi ya yi jifa da shi. Guntaye huɗun da muka yanka muka jera su a kan benci babu gam babu ƙusa, muka duba ta kowace kusurwa, ko bakin reza ba zai shiga ba. Dattijon cikinmu, wanda tun a mota yake cewa inji lalaci yake koya wa yara, shi ne ya nemi a ba shi yanka na biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bai ɓoye mana naƙasun injin ba. Ya ce faifai mai inci 10 wanda ba ya zamewa gaba da baya ba zai ratsa faffaɗan allo ba, kuma ƙaramin janareta zai durƙushe, domin injin ya fi jan wuta a lokacin da yake tashi.

Da masu sayar da injuna suna faɗin ko rabin wannan, da kafintoci da yawa ba su yi asarar jarinsu ba. Yawancin masu sayarwar ba su san abin da ke cikin kwalin ba, sai farashi. Mu ma masu sana'ar ba mu tsira ba, domin na san shagunan da ake yafa wa inji buhu idan ɗan'uwan sana'a ya shigo, kuma yaro ya shekara uku yana sharar dusa ba a taɓa nuna masa yadda ake saita kusurwa ba.

Mu ukun mun yanke shawarar haɗa kuɗi mu sayi guda ɗaya, kuma idan Maigida ya yarda, za mu roƙi aron wannan yaro na yini ɗaya ya raka mu kasuwa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Wani kafinta daga Zariya