A rubuta sharaɗin rangwamen abinci a kan hoton tallan

Ya Edita,

Ina neman fili in yi tsokaci kan rangwamen da gidajen abinci a Kaduna ke tallatawa a Instagram da WhatsApp, wanda sau da yawa ke ƙarewa da cacar baki a gaban mai karɓar kuɗi.

Mai gidan abinci yana da hujjar gindaya sharaɗi. A ɗauka farantin shinkafa da kaza naira 4,000 ne, kayan haɗi da gas da robar zubawa sun ci 2,400. Idan ya sauke kashi 20 cikin 100, wato 800, rabin ribarsa ta tafi, sai ya sayar da faranti biyu kafin ya samu abin da ɗaya ke ba shi. Don haka daidai ne ya taƙaita rangwamen ga abinci iri ɗaya, ko ga tsakanin ƙarfe 3 da 5 na yamma, lokacin da kujeru ba kowa, miya kuma na kan wuta.

Abin da ke kashe tallan shi ne ɓoye sharaɗin. Mutum ya taso daga Kawo har Barnawa, ya biya kuɗin keke-napep, sai a ce masa ai banda nama, ko sai cinikinsa ya kai 10,000. Wanda ya yi oda daga gida kuma kuɗin mai babur ya cinye abin da aka rage masa. Da wuya irin wannan mai saye ya dawo, kuma zai ba 'yan gidansu labari. Ga shi ma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana tallan yaudara.

Sharaɗi kada ya wuce biyu, kuma a rubuta shi a jikin hoton tare da ranar ƙarewa, domin sau da yawa hoton kaɗai ake turawa a guruf, ba tare da rubutun da ke ƙasansa ba. A sanar da masu kai abinci tebur da mai POS tun kafin a saki tallan. Ranar da wa'adi ya cika a goge shi, a kuma ƙirga faranti nawa rangwamen ya sayar, mutum nawa suka dawo suka biya cikakken farashi.

Naku mai karatu,
Unguwar Rimi, Kaduna