Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sufuri: kuɗin mota ne ke tsare talaka a gida

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kuka na kawo maka, kuma ba zan ci maka lokaci ba.

A watan jiya an kira ɗan maƙwabciyata ganawar ɗaukar aiki, bayan shekara biyu yana yawo da takardu. Tun dare ya goge rigarsa, ya sa takardun a leda saboda ruwan sama. Da asuba uwarsa ta zazzage jakarta suka ƙirga abin da ke ciki. Mota biyu zai hau, kuɗin na ɗaya ne. Ya taka rabin hanyar da ƙafa, ko da ya isa an rufe ƙofa. Na ga dawowarsa da yamma, takalmi a hannu, ya kasa ɗaga ido ya dubi uwarsa. Har yau abin yana ci mini rai.

Ranka ya daɗe, ka san talaka ba ya iya kama haya a tsakiyar gari. Can bayan gari tsada ke kora shi, alhali ma'aikatu da manyan asibitoci da ofisoshin gwamnati suna ciki. Wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa nisa, shi ya fi kowa biyan kuɗin mota. Haka mai ciki ke tsallake ranar awo, haka uwa ke fasa kai jariri rigakafi na biyu. Sai a rubuta a takarda cewa ba su zo ba, babu mai tambayar dalili.

A 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya, har da tamu, suka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa. Sashe na 11.2 ya yi alkawarin sufuri mai aminci da sauƙin kuɗi ga kowa kafin 2030, ya ambaci mata da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Lokaci ya ƙure. Tituna da gadoji muna ganinsu, mun gode, amma wanda ba shi da kuɗin hawa mota daga gefe yake kallon gada.

Ba wani abin da ba a taɓa yi ba nake roƙo. Birnin New York na Amurka ya fara rage wa masu ƙaramin ƙarfi rabin kuɗin jirgin ƙasa da bas a 2019. A Landan, mai neman aiki da ya cika sharuɗɗa yana samun katin rangwamen rabin kuɗi. A Brazil, tun shekarun 1980 doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci biyan duk kuɗin motar da ya haura kashi 6 cikin ɗari na albashin ma'aikacin. Kada a ce sai masu arziki: a Addis Ababa masu bincike sun ba matasan da ke zaune nesa da tsakiyar birni kuɗin motar zuwa duba allunan tallar aiki, aka ga waɗanda aka ba sun fi samun aikin dindindin cikin watannin da suka biyo baya.

Ban ce a mayar da komai kyauta kamar yadda ƙasar Luxembourg ta yi wa sufurin jama'a a 2020 ba. Katin rangwame nake roƙo ga mai neman aiki, da tikitin zuwa da dawowa ga wadda asibiti ya ba ranar komawa. A kai wurin rajistar cikin unguwanni, kada mutum ya sake neman kuɗin mota don ya je karɓar tallafin mota. Maganar motocin da ba sa fitowa da sassafe, da matakalar da mai keken guragu ba ya iya hawa, wannan sai wani jiƙon.

Yaron nan ya sake tura takardunsa wani wuri. Idan an kira shi, don Allah a ce akwai abin da zai kai shi.

Naka mai fatan alheri,
Wani malamin makaranta