Masu tufa ruwan goro na Indiya ba bokaye ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku kan al'adun Indiya, na ji mai gabatarwa ya kira waɗannan mutane masu tufa ruwan goro da ke zama a bakin kogin Ganga "bokayen Indiya". Kalmar ta tsaya mini a rai. Mu nan a fim muka fi ganinsu, da gashi a cukurkuɗe da toka a goshi, shi ya sa muka yi musu kuɗin goro. Ni Musulmi ne, ba kuma na kan aƙidarsu, amma ba ya halatta mu laƙaba wa mutum abin da ba shi ba.

Boka kuɗi yake karɓa. Wanda mabiya Hindu ke kira sanyasi kuwa ya rabu da kuɗi ne gaba ɗaya. A koyarwarsu rayuwa matakai huɗu ce: ɗalibta, zaman aure, janyewa daga hidimar gida, sai mataki na ƙarshe, barin duniya. Mai shiga wannan mataki yakan yi wa kansa bukukuwan da ake yi wa mamaci tun yana numfashi, ya ajiye sunan da iyaye suka raɗa masa, malaminsa ya ba shi sabo. Daga nan kayansa ba su wuce sanda da buta da 'yar tufa ba, abincinsa kuma abin da aka ba shi sadaka. Shi ya sa idan ya mutu ba a cika ƙona gawarsa kamar ta sauran 'yan Hindu ba, binne shi ake yi, tunda an riga an yi masa jana'iza.

To me yake nema? Su suna cewa a can cikin mutum, bayan jiki da tunani da suna, akwai abin da suke kira Atman, wanda ba ya mutuwa. Makarantar Shankara, malamin da ake danganta masa manyan zawiyoyi huɗu a Siringeri da Duwarka da Puri da Joshimat, tana koyar da cewa Atman ɗin nan da asalin komai abu ɗaya ne. A nan muka raba hanya da su, domin a wurinmu bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne. Amma ko yaro ya ji wannan ya san ba tsafi ake magana ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Ramana Maharshi. A 1896, yana ɗan shekara 16 a garin Madurai, tsoron mutuwa ya kama shi ba tare da wata cuta ba. Bai kira kowa ba. Ya kwanta ya sandare kamar gawa, ya tambayi kansa: jiki ya mutu, to ni fa? Bayan 'yan makonni ya bar gida ya nufi dutsen Arunachala a Tirubannamalai, ya jefar da ragowar kuɗinsa, bai sake barin wurin ba har rasuwarsa a 1950. Shekaru ya yi a kogo. Masu zuwa daga Turai da faɗin Indiya da tulin tambayoyi, yawanci tambaya ɗaya yake mayar musu: wane ne mai tambayar? Kuma duk da sunan da ya yi, da asuba yakan shiga madafa ya yanka kayan miya tare da masu girki.

Ina roƙo ku gyara wannan kalma a shiri na gaba. Idan da hali ku gayyato malamin jami'a da ya karanci addinai, ya bambanta wa masu sauraro sanyasi da limamin ɗakin bauta da mai duba, domin mutum uku ne daban.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya