Wasiƙa Daga Dresden

Aminina Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya su Inna, ya amarya? Ni ma lafiya lau, sai dai sanyi.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga Balin zuwa Dresden, garin da ke bakin kogin Elbe. Tun muna shiga gari na hango wani gini mai ƙubba da hasumiya, na ce alhamdu lillahi, ga wajen azahar ya samu. Ashe Yenidze ce, tsohuwar masana'antar sigari ta 1909, hasumiyar nan kuwa bututun hayaƙi ce! Na san sai ka yi mini dariya.

Majami'ar Frauenkirche ce ta kai ni. A daren 13 ga Fabrairun 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Ingila suka yi wa garin ruwan bama-bamai, na Amurka suka biyo baya washegari da rana. Mutum kusan 25,000 suka rasa rayukansu. Majami'ar ta daure har ranar 15, sannan ta rufta. Haka tsibin duwatsun ya zauna a tsakiyar gari duk zamanin Jamus ta Gabas. Sai a 1994 aka kama gini, aka buɗe a 2005.

Habu, bangon dabbare-dabbare yake, kamar jikin zabuwa. Baƙaƙen duwatsun nan tsofaffi ne da aka tono daga kufai, aka ba su lambobi, aka mayar da su cikin sababbi. Ba a shafe su da fenti don a ɓoye ba. Nan na fi daɗewa, har na sa hannu na taɓa ɗaya. Gicciyen zinaren da ke can ƙololuwa kyautar mutanen Ingila ce, kuma mahaifin maƙerin yana cikin matuƙan da suka kai harin. Tsohon gicciyen yana ciki a lanƙwashe, yadda wuta ta bar shi.

Fadar Zwinger leƙe kawai na yi mata, ƙafa ta gaji. Amma na tsaya a Fürstenzug, bango mai tsawon mita 102 ɗauke da sarakunan Saksoni, wato yankin da Dresden yake, a kan dawakai, sai ka ce hawan daushe. Da tayil ɗin tangaran aka yi shi, wutar ba ta ci shi ba.

Wai guntun badalar nan da muke hawa muna yara yana nan kuwa? In ka bi ta wajen, ɗauko mini hoto.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Sani