Godiya ga sashen kuɗi na kamfanin da muke kai wa masara a Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma da ke kai masara da waken soya wani kamfanin abincin kaji a nan Zariya, kuma 'yan ƙungiya ne suka ce lallai in rubuta godiyar nan a fili kowa ya gani, zuwa ga Hajiya shugabar sashen kuɗi da Malam akanta da matasan da ke aiki ƙarƙashinsu. Ba zan kama suna ba don na san ba sa so, amma ranku ya daɗe kun san kanku.

A kakar bana duk manomin da ya kai kaya kuɗinsa ya shiga akawun ɗinsa kai tsaye, ba ta hannuna ba, ba ta hannun shugaba ba, kuma daidai da abin da takardar sikeli ta nuna. Wanda bai san yadda muke yi da ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. A da cek ɗaya ake rubuta wa ƙungiya gaba ɗaya, mu kai banki a unguwar PZ mu jira ya wuce, sannan mu ciri tsabar kuɗi a jaka mu kama hanyar Giwa ko Soba ko Hunkuyi gabanmu na faɗuwa har mu isa, in an zo rabo kuma ga ƙorafi, wannan ya ce buhunsa ɗaya ya ɓace wancan ya ce an rage mai, kai zumunci ya sha wuya wallahi. A farkon 2023 bayan an canza fasalin naira tsabar ma babu ita, mutum na da kuɗi a banki amma iyalinsa na jira.

Kafin a fara sabon tsarin Hajiya ta kira shugabannin ƙungiyoyi ta zaunar da mu ta ce Malam akanta ya nuna mana komai a kwamfuta, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni, domin ba dole ba ne su yi mana bayani. Manhaja ce da aka haɗa ta da duk bankunan da kamfanin ke da akawun a ciki, da safe in sun buɗe za su ga nawa ke wannan banki nawa ke wancan a shafi ɗaya ba sai an tura yaro karɓo sitatimen ba, to da haka suke sanin daga inda za a biya mu yau. Takardun sikeli na shiga, manhajar ta fitar da jerin sunaye da kuɗin kowa, sai a tura wa banki jerin gaba ɗaya a dunƙule maimakon a zauna ana tiransifa ɗaya bayan ɗaya har dare. Daga banki kuɗin na bi ta NIBSS, wato kamfanin nan da CBN da bankuna suka mallaka wanda ke haɗa bankunan Najeriya da juna, ta hanyar NIP, tsarin tura kuɗi nan take da aka fara a 2011, shi ya sa ko bankinka daban da na kamfanin alat na shigowa nan take in netwok lafiya. Gwamnatin tarayya ma ai irin wannan tattara asusun ta yi da asusun bai-ɗaya, wato TSA, a 2015, duk wanda ya taɓa biyan kuɗin makaranta ta Remita ya ɗanɗana.

Amma inda nake so in tsaya sosai shi ne maganar suna. Lambar akawun guda 10 ce, kuma ashe ta ƙarshen tana nan ne don ta kama kuskure a sauran, sannan kafin kobo ya fita manhajar na tambayar banki wane ne mai wannan lamba, in sunan da ya dawo bai yi daidai da na takarda ba sai a tsayar da wannan layin kawai sauran su wuce. Akwai wani dattijo a cikinmu da jikansa ya rubuta mai lamba ya juya biyu a ciki, da a ce mutum ne ke dannawa cikin gajiya Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare, amma ranar aka kira ni, aka gyara, washegari baba ya ga alat. Yarinyar da ta kira ɗin ma da ladabi ta yi magana, ta ce a gaida baba a ba shi haƙuri.

Sannan wanda ya shirya biya ba shi ke amincewa ba. Ɗaya ya shigar, wani daban ya duba ya sa hannu, in kuɗin ya haura wani adadi sai Hajiya da kanta, kuma komai na rubuce da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi. Ba sa canza lambar akawun ɗin manomi ta waya ko ta WhatsApp, ko ni na kira ba za su yi ba, sai mai shi ya zo da ƙafarsa da katinsa. Wasu sun ji haushin wannan da farko, ni kam na goyi baya ɗari bisa ɗari, don ta wannan ƙofar 'yan damfara ke shiga, su kira a matsayin mai kaya su ce an canza banki.

Wani alherin kuma da ba aikinsu ba ne amma suka yi, tun kafin girbi suka gargaɗe mu cewa da yawa daga cikin mutanenmu ƙaramin akawun gare su, irin na matakin farko da ba ya riƙe sama da naira 300,000, kuɗin masara in ya zo zai koma. Muka bi ƙauye ƙauye muna gaya wa mutane su je da BVN da NIN a ɗaga musu akawun. Waɗanda ba su samu zuwa ba nasu ya dawo kamar yadda aka faɗa, amma manhajar ta nuna dalili a gaban sunan kowa, ba a bar mu cikin duhu ba. Haka in banki ya ce an tura amma manomi bai gani ba, Malam akanta kan ba mu doguwar lambar nan ta shaidar tiransifa mu kai reshe, ba a taɓa ce mana je ka dawo gobe ba.

Roƙonmu ɗaya ranki ya daɗe, in zai yiwu a riƙa sa yawan buhu ko lambar takardar sikeli a cikin bayanin alat, saboda wanda ya kai kaya sau biyu a mako ya san na wace rana aka biya shi, mata masu waken soya ne suka fi tambayar wannan.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kamfani albarka, ya tsare ku daga hakkin mutane kamar yadda kuka tsare mana namu, ya kai mu kakar baɗi lafiya. Amin.

Naku, sakataren ƙungiya, a madadin dukkan manomanmu.